Sitiyarin Motata Tsakanin Sarjan da Kofur

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina koyarwa, har sunayen wasu abokan aiki da muka sha cin tuwo a akushi ɗaya sun ɓace mini. Amma akwai wata 'yar motar soja da na ƙera da hannuna a Dakoro, wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, ita kam ba na jin za ta fita raina har in koma ga Allah. Na ce ba na ji, don mutum ba ya rantsuwa a kan ƙwaƙwalwarsa. Amma dai ga shi furfura ta gama kaina, kuma har yau ina tuna ta kamar jiya na ƙera ta.

A shekarun farko na samun 'yancin kai ne. Na fito daga makarantar horon malamai da takardar shaidata sabuwa ful, aka turo ni lakwal ɗin Dakoro, wato makarantar boko. Ni mutum ne mai tsoron kuskure tun ina yaro. Ko hadari ya rufe gabas ya yi baƙi ƙirin, in aka tambaye ni ko za a yi ruwa, sai in ce da alama za a yi, amma kuma iska tana iya ɗauke shi. Abokan aikina har sun daina tambayata ƙarfe nawa, don sun ce sai na fara ba su tarihin lattin da agogona yake yi.

An saukar da ni gidan wani tsohon soja da duk gari ke kira Kofur. Yana saurayi ya tafi cin rani Katsina, can Ingilishi suka ɗauke shi soja, suka tsallaka da shi teku. Yana da taubashi a unguwar gaba, shi ma tsohon soja, amma na Faransi, ana ce masa Sarjan. Kowa ya san wasan taubasai, to nasu ya wuce na kowa. Ko a wajen jana'iza suka haɗu sai ɗaya ya kira ɗaya bawansa. Sarjan yana da ɗiya, doguwa, mai saurin magana da saurin dariya, wadda takan kawo wa matar Kofur saƙo. Ba sai na ja zance ba: ina sonta, kuma ina tsammanin ita ma ba ta ƙi ba. Iyayena suna nesa, sun riga sun aiko cewa maigidana ya tsaya a madadinsu. Ke nan Kofur ne zai je ya nema mini, Sarjan ne zai bayar. In ɗaya ya noƙe, babu aure.

Ana haka sai direktan lakwal ya tara mu, ya ce feti, wato bikin shekara, ya gabato, kumandan zai zo ya ga aikin hannu, kowane malami ya kawo abin nunawa. Har lokacin kumandan muke cewa, ko da yake ɗan ƙasa ne ya gaji Bature a kujerar. Direkta ya dube ni ya ce, tun da ƙasa ta samu sojanta na kanta, ni da na fito babbar makaranta in ƙera motar soja. “Ba irin ta kara da yara ke ja a titi ba, Mushe,” in ji shi, da sunan da ake kiran kowane malamin lakwal. “Mai ma'auni nake so. A buɗe ƙofa a ga kujera, a ɗaga murfi a ga inji.” Na ce zan gwada, amma ban yi alkawarin za ta yi kyau ba. Ya ce shi bai ji rabin maganar na ƙarshe ba.

A bakin gari, ta hanyar Kornaka, akwai wata matacciyar motar soja da ta daɗe a yashe, babu wanda ya tuna ranar da ta tsaya. Rairayi ya binne ta har cinya, awaki na kwana a inuwarta. Can na riƙa zuwa bayan an tashi daga aji, da igiya da mita, ina auna komai ina raba shi gida ashirin. Jikin motar bai ba ni wahala ba. Na yanka gwangwanayen madara na miƙar da su na yi bango, na yi ƙashinta da waya, na yanka ƙwallon goruba na sassaƙa masa zane na yi tayu. Na haɗa shuni da rawaya har na samu launin da ya yi kusa da na soja. Na ce kusa, don wani zai iya cewa ya fi kama da miyar kuka.

Da na zo kan cikin gidan direba, nan na tsaya. Maƙeran gari sun riga sun kwashe komai na matacciyar motar tun da daɗewa: babu kujera, babu allon agogo, babu sitiyari, har daɓen ƙarfen sun ɓamɓare sun yi hauyoyi da fartanyoyi. Rami ne kawai. Kujeru dai na yi su da totuwar kara, na lulluɓe da jemammiyar fatar jar akuya, na ɗinke da ƙaramar allura har da layi-layi. Maɓallan riga suka zama agogunan gudu da na mai, na zana musu hannu da bakin alƙalami. Allura mai dutsen ado a ka ta zama giya. Na lanƙwasa waya na naɗe ta da baƙin zare na yi sitiyari, faɗinsa kamar zoben babban yatsa. Saura in san gefen da zan kafa shi.

Ina zaune a tsakar gida ina juya shi a hannu, sai Kofur ya fito da buta. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo.

“Mushe, wane gefe za ka sa direba?”

“Ina tunanin hagu, Baba, kamar motocin da ke zuwa daga Maradi. Ko da yake ban yanke ba tukuna.”

“Hagu?” Ya ajiye butar. “Motar soja? Ni da aka ɗauko a irinta tun daga Katsina har bakin teku, ni za ka gaya wa hagu? Dama yake, yaro. Direbanmu na dama, ina bayansa, har ƙeyarsa na sani, akwai wani tabo nan.”

“To, Baba, mai yiwuwa na Ingilishi haka suke, amma na Faransi kuma...”

“Kada ka kawo mini zancen bawan nan cikin gidana. Ka sa shi hagu in ka so. Amma ranar da za a je nema maka aure, sai ka samu wani ya sa babbar riga, ni tawa tana wanki.”

Ya ɗauki butarsa ya wuce. Na zauna kamar an zuba mini ruwan randa.

Kashegari na je gaida Sarjan, kamar yadda na saba. Na durƙusa a bakin tabarma na cire takalmi. Ashe labari ya riga ni.

“Na ji an ce wannan ɗan cin ranin da Ingilishi suka tsinta a kasuwa yana koya maka mota.”

“A'a, Baba, shawara dai ya ba ni a kan sitiyari.”

“Mi ka ce? Siti mi? Bolan ake cewa! Kai ba lakwal ka yi ba? Har bakinka ya lalata.” Ya gyara zama, ya nuna ni da sandarsa. “Hagu yake. Na ga Marsai, na ga Aljeriya, ban taɓa ganin mai hankali ya zauna dama yana tuƙi ba. Ka ji ni da kyau, Mushe: wanda bai san hagunsa da damansa ba, ko kaza ba ni ba shi kiwo, balle ɗiya.”

Na ce ai shi ma yana da gaskiya, ta wani fannin. Ya ce gaskiya ba ta da fanni.

Da wani ne, da ya zaɓi gefe ɗaya ya bar wa Allah sauran. Ni kuwa sai na zauna na yi abin da a lokacin na ɗauka dabara ce ta mai ilimi. Na yanko ɗan falle na gwangwani, na kafa masa sitiyari da agogunan da abubuwan takawa guda uku, duka a jiki ɗaya. Na yi masa hanya biyu a daɓen motar, ɗaya hagu ɗaya dama, yadda za a zura shi a zare kamar aljihun tebur. Gaskiya aikin ya yi kyau, har yau ina ɗan alfahari da shi. Na gaya wa kaina cewa ban yi wa kowa ƙarya ba, gwaji nake yi, kuma mai gwaji yana da damar ya gwada ko'ina.

Daga nan rayuwata ta koma ta mai gadi. In na ji tarin Kofur daga ɗakinsa, sai in zura falle a dama. Ya leƙo, ya gyaɗa kai, ya ce, “Yauwa, ɗan albarka.” In na ji ƙwanƙwasar sandar Sarjan a zaure, sai in zare in mayar hagu. Shi ma ya sunkuya ya rufe ido ɗaya ya duba, ya ce, “Bon. Ka fara hankali.” Abin da ya ba ni mamaki shi ne Sarjan, wanda da sai ya yi wata bai tako gidan ba, yanzu kullum yana da dalilin zuwa. Yau ya zo aron gatari, gobe ya zo mayar da gatari, jibi ya zo tambayar ko gatarin da ya mayar nasa ne. Kuma da zarar ya fita, Kofur zai ɓullo ta bayan rumbu, wani lokaci tun ƙurar sawun Sarjan ba ta kwanta ba. Akwai ranar da na ji tari da sanda a lokaci ɗaya, na rasa yadda zan yi, na cire hulata na kife kan motar na ce fenti bai bushe ba. Suka tsaya su biyu suna kallon hula, babu wanda ya yi murmushi. Sarjan ya ce fentin da ake shanyawa cikin hula sabon ilimi ne. Kofur ya ce ai yaran yanzu sun wuce su.

Na rame a 'yan kwanakin nan. Ko a aji nake, in wani ya yi tari sai hannuna ya zabura.

Wata ranar Lahadi da hantsi ɗiyar Sarjan ta kawo wa matar Kofur daddawa. Da za ta fita ta ratso ta inda nake aiki, ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya kamata, ta rufe baki da gefen mayafi.

“Sannu da aiki, Mushe. Yau direban naka wane gefe ya tashi?”

Allurar da ke hannuna ta faɗi. Na ce ban gane ba, ko kuma dai ban tabbata na gane ba.

“Ka gane mana. Duk unguwa an gane. Kai kana tsammanin ba su magana da juna? Kullum bayan la'asar suna gindin gawon bakin masallaci, suna shirya wanda zai fara shigowa da wanda zai ɓuya bayan rumbu. Ranar hula, Baba ya dawo gida yana dariya har ya ƙware da goro, sai da inna ta bubbuga masa baya.”

Kunya ta rufe ni, amma a ƙarƙashinta na ji wani sanyi. Na ce, “To ashe wasa ne. Alhamdu lillahi.”

“Wasa ne a cikin gida,” in ji ta, kuma wannan karon ba ta yi dariya ba. “Ranar feti gaban kumandan za a yi, duk gari na kallo, su biyu za su sa lambobinsu su tsaya. Kowa ya riga ya cika baki a kasuwa cewa nasa gefen za a gani. Wanda aka kayar a nan ba zai ce wasa ba ne. Ni dai na gaya maka.” Ta juya za ta tafi, ta waiwayo. “Kuma ni ma ina so in ga inda za ka zaunar da shi.”

Tun da cikin motar ya gagare ni, sai na gudu na ɓuya a aikin inji. Shi dai inji ba shi da suruki. Na matacciyar motar yana nan, don ya fi ƙarfin maƙera, tsatsa kawai ta ci shi. Na sassaƙa gangar jikinsa da icen aduwa, na jera masa ƙayoyi a ka a matsayin buji, wato filogi, kowace na ja mata siririyar waya. Na yanko tsohuwar rariyar matar Kofur, da izininta, na yi ragar tankin ruwan da ke gaba. Murfin gwangwanin sardin ya zama fanka, har tana juyawa in an hura. Na tsaga robar tayar keke siriri na yi bel. Batir kuwa guntun sabulu ne na shafa masa baƙi. Da na gama sai na ga ya yi tsabta da yawa, babu injin da ya taɓa aiki da zai yi haka, sai na kankaro baƙin gilashin fitila na kwaɓa da man gyaɗa na shafa a lunguna da gashin kaza. A nan kam na ji daɗin duniya. In da aikin ya tsaya a inji, da na ce ban taɓa yin kwanaki masu daɗi irin waɗannan ba.

Amma halina bai bar ni ba. Na ce ba zan rufe murfi ba sai na ga abin da ke ƙasan injin, inda rairayi ya binne, kada in bar wani abu a baya. Na ari shebur na koma hanyar Kornaka, na kori awaki, na yi ta tono har na iya zura kaina. A can ƙasa, manne da ƙashin motar, na tarar da wani akwatin ƙarfe kamar tulun yara. Wani guntun sanda ya fito daga kansa ya nufi gidan direba, an datse shi da zarto. Daga gindinsa kuma wani hannu ya miƙe har zuwa ƙafar gaba. Na san shi, mun gan shi a zane a makaranta: akwatin da sandar sitiyari ke shiga ne. Na fito na tsaya a bayan motar na fuskanci inda ta fuskanta, na ɗaga hannun da nake cin tuwo da shi. Na sake shiga na sake fitowa. Na zagaya na sake gwadawa, ko Allah zai sa in ga na ruɗe. Ban ruɗe ba. Yana dama. Gefen Kofur, ba gefen uban yarinya ba.

Na zauna a kan tudun rairayin da na tono, na ji haushin shebur ɗin da wanda ya ara mini shi. Da ban tona ba, da ina da hujjar cewa ban sani ba. Na yi tunanin in mai da rairayin in yi shiru. Na mayar ɗin kuwa, amma da na koma gida hannuna ya ƙi yarda. Na auna abu, na gan shi, barinsa ya zame mini kamar in tsallake layi a karatu. Na sassaƙa ɗan akwatin, bai kai ƙwayar gujiya ba, na manna shi da ƙaro a gefen dama na injin, na rufe murfi. Na ce wa raina ai ba lalle ne wani ya gane ko mene ne ba.

Ranar feti aka share filin lakwal, aka yayyafa ruwa, aka jera tebura a ƙarƙashin rumfa. Wani malami ya kawo taswirar ƙasa da ya yi da yumɓu, wani ya kawo ƙaramar rijiya mai guga. Motata tana tsakiya a kan farin ƙyalle. Fallen sitiyari kuwa yana aljihun rigata. Wannan ita ce dabarata ta ƙarshe: in babu shi gaba ɗaya, babu wanda aka kayar. Sarjan ya zo da jar hularsa da lambobi a ƙirji ya tsaya a hagun tebur. Kofur ya zo da tsohuwar rigar kaki da ta ƙi rufe cikinsa ya tsaya a dama. Bayansu 'yan kasuwa da mutanen Roumbou da suka shigo kallo sun yi cincirindo, mata suna gefe guda. Kowa ya san abin da ya zo gani, kuma ba taswira ba ce.

Kumandan ya iso tare da direkta. Mutum ne mai fara'a, ya tsaya a kowane tebur ya yi tambaya. Da ya zo nawa sai ya cire tabarau ya sunkuya. Ya sa farce ya ɗaga murfin inji, ya hura fanka ta juya, ya yi dariya kamar yaro.

“Mushe, wannan ai saura a zuba masa isansi ya tashi! Har da dattin mai?”

Na ce na yi iya ƙoƙarina, ko da yake akwai wuraren da ba su fito yadda nake so ba. Ya buɗe 'yar ƙofar, ya taɓa kujerar fata, ya girgiza giya. Ya leƙa ta wannan taga, ya zagaya ya leƙa ta waccan.

“To, ita motar taka da addu'a ake juya ta?”

Fili ya ɗauki dariya. Direkta ya yi mini wani kallo. Na sa hannu a aljihu na fito da fallen.

“Ranka ya daɗe, a kan wannan akwai ra'ayi biyu. Wasu manya suna ganin hagu, kuma suna da dalilinsu. Wasu manyan kuma...”

“Ni ba manya na tambaya ba,” in ji kumandan. “Wa ya auna motar?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“To mi ka gani?”

Na dubi Kofur, ya kafe ni da ido yana shafa ciki. Na dubi Sarjan, ya ɗaga gemu yana kallon sama kamar wanda ya riga ya ci. Na hango yarinyar a cikin mata, ta daina taunar abin da take tauna. Na nemi wata kalma ta tsakiya, irin waɗanda ban taɓa rasawa ba, na lalube kaina kaf ban samu ko ɗaya ba. Sai na ji bakina yana cewa, “Na tona ƙarƙashinta, ranka ya daɗe. Ga akwatin da sandar ke shiga, nan na same shi.” Na nuna ɗan abin da tsinke. Na zura fallen a dama, ya shiga ya ce ƙyas.

Kofur ya buga ƙafa ya ƙame ya sara wa motar, ya kwarara wata kalma ta Ingilishi da ban taɓa sanin ma'anarta ba. Mutane suka kaure da sowa, wani ya ɗaga murya ya ce, “Sarjan, yau bawa ya hau kan ubangida!” Sarjan ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya juya, ya ratsa taron yana dogara sanda, mutane na buɗa masa hanya. Da na sake duba wajen mata, yarinyar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na motsi. Ban san ko kuka take ko dariya ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya zama dariya ba.

Kumandan ya yaba, ya wuce teburin gaba. Ni ban ji yabon ba. Na koma gida na kwanta rigingine, aka kawo abinci na ce na ƙoshi. Ina lissafin yadda zan roƙi a mai da ni wani gari, ko Bader Goula ne, inda babu wanda ya san ni.

Bayan la'asar sai na ji Kofur yana kiran a miƙo masa babbar rigarsa. Na fito na same shi yana naɗa rawani, ga ƙullin goro a gefe, ga dattawa biyu na jiransa a zaure.

“Baba, ina za ku?”

“Nema maka aure mana.”

“Yau? Don Allah a bari ya huce, ko da mako ɗaya ne, ko wata, ko dai a ga yadda...”

“Ya huce? Ai yanzu ne daɗinta, tun yana tururi. Shekara nawa ina jiran in shiga zauren nan a matsayin wanda ya ci? Koma ka kwanta.”

Mai neman aure ba ya zuwa wajen, don haka abin da ya faru a bakin mutum biyu na ji shi: Kofur, wanda ba na ɗaukar duk maganarsa, da kuma ɗiyar Sarjan da ta laɓe a bayan zana, wadda nake ɗaukar tata. Sun ce Sarjan ya juya musu baya, ya ƙi ko kallon goron. Dattawa suka yi gaisuwa, suka faɗi abin da ya kawo su, ya yi kamar bai ji ba. Can ya ce, “Yaron da ya kunyata ni gaban kumandan, shi kuka zo nema wa ɗiyata?”

Kofur ya ce, “Yaro bai kunyata ka ba, mota ta kunyata ka. Tamu ce, ta Ingilishi. Ka yi ta wucewa gabanta shekara da shekaru ba ka sara mata ba.”

Sai Sarjan ya juyo a hankali.

“Ka ce taku ce?”

“Tamu ce, gaban kowa aka nuna.”

“Kun ji da kunnenku, ya ce tasu ce,” in ji Sarjan, yana duban dattawan, fuskarsa na washewa. “To shi ya sa ta mutu a hanya awaki ke kashi a ciki! Da ta Faransi ce, da ta isa inda za ta!”

Ya fashe da dariya har yana dukan tabarma. Sarjan ya sa aka kira maƙwabta ya maimaita musu, ya sake maimaitawa, kowane karo yana ƙara wa awakin yawa. Da ya gaji ya share hawaye, ya jawo ƙullin goron da sandarsa.

“Na ba shi,” ya ce. “Bai san mota ba, amma aka tambaye shi ya amsa, ina tsaye. Sharaɗi ɗaya: a kawo mini 'yar motar nan.”

Direkta bai so ba, amma ya bari na kai. Bayan biki na je gaisuwa na tarar da ita a cikin wani ɗan alkuki a zaurensa, inda duk mai shigowa zai gani. Sitiyarin yana hagu. Ya malala masa ƙaro har ya gangaro kan kujerar fatar da na sha wahalar ɗinkawa, ko da guduma ba a zare shi.

“Na gyara maka kuskurenka,” in ji shi.

“Na gode, Baba,” na ce. Motarsa ce yanzu, ɗiyarsa kuma tana gidana tana daka.

Abin da wannan al'amari ya koya mini ban same shi a makarantar horon malamai ba. Duk zare falle da mayarwar da na yi bai kare ni daga komai ba, ya dai ba tsofaffi biyu abin dariya a gindin gawo, ni kuma ya rage mini nama. Fushin da na yi ta gudu har ina ramewa, da ya zo, ko magariba bai kai ba. Ban zama jarumi ba daga ranar, har yanzu nakan yi jinkiri kafin in buɗe baki. Amma in na auna abu da hannuna, na gan shi da idona, aka kuma tambaye ni, to nakan faɗe shi yadda yake.